Kashin tsuntsu mai rai: yadda tsutsar malam-buɗe-littafi ke yaudarar masu cin ta

Tsutsar malam-buɗe-littafi ba ta da fiffike, ba ta da gudu, ba ta da ƙari irin na kunama ko rina. Jikinta laushi gare shi, kuma aikinta guda ne, cin ganye. Ga tsuntsu da ƙadangare da zanzaro, loma ce da ba a shan wahala kafin a same ta. Duk da haka kowace damana sai malam-buɗe-littafi ya cika gonaki da garake, tun daga Afala har bakin tabkin Tabalak. Abin da ke kai wasu tsutsotsin ga tsira shi ne kamannin da suke ɗauka. Wata takan saje da ganye, wata ta zama kamar kashin tsuntsu ko tsinke, wata ta yi kama da kan maciji, wata kuma ta ɗauki ƙanshin tururuwa. Masana halittu na kiran wannan kwaikwayo, ko ɓad da kama. Mafi yawan ire-irensa ana iya ganin su ba tare da an fita jahar Tawa ba, a kan tafasa da lemun tsami da tumfafiya da magarya.

Daga ƙwai zuwa fiffike

Rayuwar malam-buɗe-littafi mataki huɗu ce: ƙwai, tsutsa, kwanciya cikin ƙunshi, sannan fitowa da fiffike. Uwar ba ta zuba ƙwai a ko'ina. Sai ta sauka a kan ganye ta ɗanɗana shi da ƙafafunta, ta tabbatar irin wanda ƴaƴanta ke ci ne. Idan ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar na shafe sati biyu zuwa huɗu tana ci, gwargwadon irinta da zafin gari. Fatarta ba ta girma tare da ita, don haka take yin saɓa kamar maciji. Yawancinsu saɓa huɗu suke yi kafin ta ƙarshe wadda ke shigar da su ƙunshi, wato riga biyar ke nan, kuma kowace riga na iya zuwa da sabon launi.

Malam-buɗe-littafi na da ƴan'uwa masu yawon dare, su ne faɗa-wuta da ke kewaye fitila. Masana sun ƙidaya iri kusan 160,000 a dangin biyu, kuma waɗanda ake kira malam-buɗe-littafi ba su kai 20,000 ba a cikinsu. Tsutsotsin dangin biyu abokan gabansu ɗaya ne, hanyoyin tsirarsu ma ɗaya ne, shi ya sa ba a bayanin wannan a bar wancan.

Abokan gabar kashi biyu ne. Akwai masu farauta da ido: tsuntsaye, ƙadangare, hawainiya. A ƙasar Adar yawancin ƙananan tsuntsaye da damana suke sheƙa, daidai lokacin da tsutsa ke yawa, kuma har masu cin hatsi irin su gwara da jan-baki da ƙwari suke fara ciyar da ƴaƴansu. Akwai kuma waɗanda suka fi dogara da ƙanshi da taɓawa: tururuwa, cinnaka, da ƙananan dangin zanzaro masu saka ƙwai a jikin tsutsa. Kowane kashi da irin yaudarar da ke cin sa.

Idan an ce «dabara» a nan, salon magana ne kawai. Tsutsa ba ta zama ta yi tunanin abin da za ta kwaikwaya, gadonsa take yi. Wadda kamanninta suka fi ruɗa tsuntsu ita ke rayuwa har ta hayayyafa, wadda aka gane kuwa an cinye ta. Haka kamannin ke ƙara kyau daga zuriya zuwa zuriya.

Saje da ganye

Hanya mafi yawa ita ce kada a gan ka sam. Misalinta na kusa shi ne wani malam-buɗe-littafi fari-fari, wani lokaci ruwan masara, wanda ke taruwa a kan laka bakin rijiya ko tabki. Masana na kiran sa Catopsilia florella. A kan tafasa da filasko yake saka ƙwai. Tsutsarsa tsanwa ce shar kamar ganyen, da siririn layi a gefe, kuma idan ta ƙoshi sai ta miƙe a kan jijiyar tsakiyar ganye ta yi shiru. Mai tsinkar tafasa don kwaɗo na iya ɗebo ta cikin ƙwarya ba ta sani ba, sai wajen wanki ta ga ganye na motsi.

Launi kaɗai bai isa ba, domin duk abu mai kauri yana da inuwa a ƙasansa, kuma inuwar ke tona shi. Tsutsotsi da dama gefen jikinsu da ke fuskantar rana ya fi duhu, wanda ke cikin inuwa ya fi haske. Idan rana ta haska su sai launin ya daidaita, jikin ya yi kamar shimfiɗaɗɗen ganye.

Ɓarnar ci ita ma tana tona asiri. Wani masani a Amurka, Bernd Heinrich, ya nuna a 1979 cewa tsutsotsin da tsuntsaye ke son ci suna ɓoye sawunsu: sukan cinye ganye ƙaf daga gefe ba tare da barin huji ba, ko su datse ragowar ya faɗi ƙasa, ko su yi nisa da wurin bayan sun ci, wasu kuma sai dare suke fitowa. A 1983 shi da abokin aikinsa suka gwada wani ɗan tsuntsun daji na can, suka ga yana koyon neman tsutsa a itacen da ganyensa ke da huji. Tsutsotsi masu dafi kuwa ba ruwansu, a fili suke ci, su bar ganye kaca-kaca.

Kashin tsuntsu a kan lemu

Hanya ta biyu ta fi ban mamaki: a gan ka ƙarara amma a ɗauke ka wani abin da ba a ci. Masu dashen lemun tsami a garaken Tawa da kewaye suna tare da gwanar wannan fanni. Uwarta babban malam-buɗe-littafi ne baƙi mai ɗigo-ɗigon ruwan masara, Papilio demodocus, wanda ake samu a ko'ina kudu da Sahara. Tana saka ƙwai ɗaiɗai a kan sabon tofo.

A rigunanta huɗu na farko, tsutsar baƙa-baƙa ce ko ruwan ƙasa, da farin tabo a tsakiyar baya, jikin na ɗan sheƙi kamar ɗanyen abu. Ba ta ɓuya a ƙarƙashin ganye. A samansa take kwanciya, inda kashin tsuntsu ke faɗowa. Tsuntsu ba ya cin kashin ɗan'uwansa, sai ya duba ya wuce. Masana a Japan sun gwada a 2015 da tsutsotsin ƙarya da suka ajiye a kan itatuwa, suka ga masu launin kashi idan an lanƙwasa su tsuntsaye sun fi ƙyale su fiye da idan suna miƙe. Ke nan har yanayin kwanciyar na cikin yaudarar.

Sai dai kashin ƙaramin tsuntsu na da iyakar girma. A riga ta biyar tsutsar na kaiwa santimeta 4 da wani abu, ƙaryar ba za ta ƙara ciyuwa ba. Sai ta yi saɓa ta fito tsanwa, da ratsi a karkace masu karya siffar jikinta a cikin ganye. Masana biyu na jami'ar Tokyo, Futahashi da Fujiwara, sun gano a 2008 abin da ke juya launin a jikin wata ƴar'uwarta ta ƙasar Japan. Wani sinadari ne na ƙuruciya da ke yawo a jinin tsutsa. Idan ya ragu a farkon riga ta huɗu, riga ta gaba tsanwa za ta fito. Da suka shafa wa tsutsar irin sinadarin a daidai wannan lokaci, sai ta girma da launin kashin.

Masu kwaikwayon tsinke su ma a wannan aji suke. Su ne siraran tsutsotsin nan na faɗa-wuta masu tafiya suna lanƙwashewa suna miƙewa kamar mai awon taƙi, waɗanda akan gani a kan itatuwan ƙaya. Idan suka ji motsi sai su riƙe reshe da ƙafafun baya, su sandare a karkace kamar busasshen tsinke.

An daɗe ana gardama ko tsuntsu ba ya ganin irin waɗannan ne, ko kuwa yana gani ya ruɗe. A 2010 John Skelhorn da abokan aikinsa a Birtaniya suka raba gardamar da ƴan tsaki. Kashi na farko an nuna musu reshen itace sun caccaka sun ga ba abinci ba ne. Kashi na biyu an nuna musu reshe da aka naɗe da zare mai launi, wanda ya ɓata kamanninsa. Kashi na uku ba a nuna musu komai ba. Daga nan aka ajiye wa kowane ɗan tsako tsutsa mai kama da tsinke a fili, ba wurin ɓuya. Kashi na biyu da na uku ba su ɓata lokaci ba, na farko kuwa sun daɗe suna jinkiri kafin su kai baki. Tsutsar a bayyane take, abin da tsuntsun ya riga ya sani ne ya yaudare shi.

Idon ƙarya da harshen maciji

Idan saje ya kasa, tsuntsu ya matso, akwai mataki na gaba: tsoratarwa. Tsutsar lemu a rigarta ta biyar tana da tabo biyu masu kama da ido a kumburin da ke bayan kanta. Idanunta na gaskiya ƴan mitsi-mitsi ne, shida a kowane gefen kai, da ƙyar suke bambance fiye da haske da duhu. Idan aka taɓa ta sai ta janye kai ciki, ta kumbura gaba, ta ɗaga shi sama. Nan take wani abu mai reshe biyu, ja ko ruwan goro, ya fito daga bayan wuyanta yana fitar da wari mai ƙarfi. A ido kamar harshen maciji yake. Warin kuwa tururuwa da gizo-gizo ya fi kora. Ba ya harbi, ba ya cutar da mutum.

Manyan tsutsotsin faɗa-wuta masu ƙaho guda a wutsiya sun fi ta ƙwarewa a nan. Ɗaya daga cikinsu, Daphnis nerii, tana cin ganyen furen adon da ake dasawa a gidaje da ma'aikatu, wanda ake kira laurier-rose da Faransanci. Tana da manyan idanun ƙarya biyu shuɗɗa masu farin tsakiya, waɗanda ke buɗewa sosai idan ta sunkuyar da kai. Ƙahon wutsiyar, wanda mutane da yawa ke tsoro, ba dafi a cikinsa. A dazukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu akwai wadda ake kira Hemeroplanes, mai sakin reshe ta juyo da cikinta sama, ta hura gabanta ya yi fadi kamar kan kububuwa, har ta riƙa kai sara na ƙarya. Henry Walter Bates, Baturen Ingila da ya shekara 11 a dajin Amazon daga 1848, ya ba da labarin wata irin wannan tsutsa da ta firgita shi, ta kuma firgita mutanen ƙauyen da ya nuna wa ita.

Mutum zai ce ai tsutsa ba ta kai maciji girma ba, kuma kamar ba ta cika ba. Amma ɗan tsuntsun da ke leƙe cikin duhun ganye ba ya da lokacin bincike. Idan ya tsaya tantancewa alhali macijin gaske ne, ransa ya tafi. Idan ya gudu alhali tsutsa ce, loma ɗaya ya rasa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Binciken da aka yi a Kanada, wanda aka wallafa a 2015, ya ƙara da cewa idon ƙarya manyan tsutsotsi yake amfana. A jikin ƙarama ba ya tsorata kowa, sai ma ya sa a gan ta da wuri.

Tsutsar tumfafiya, mai tallar kanta

Ba inda tumfafiya ba ta fitowa a Adar: bakin hanya, tsofaffin gonaki, bayan gari. A kan ganyenta akwai tsutsar da ta saɓa wa duk abin da aka faɗa a baya. Jikinta ratsi-ratsi ne na fari da baƙi da ɗigon ruwan masara, da siraran ƙahoni shida masu laushi, kuma da rana tsaka take kiwo. Ita ce ƴar Danaus chrysippus, malam-buɗe-littafin nan ruwan goro mai baƙin bakin fiffike da fararen ɗigo, mai tashi a hankali kamar ba ya tsoron kowa. A Afirka ta Yamma fiffikensa na baya fari ne.

Farin ruwan tumfafiya na ɗauke da dafin da ke taɓa bugun zuciya. Tsutsar na da hanyar shawo kansa. Tun tana ƙarama takan fara yanka ɗan da'ira a ganye, ruwan ya tsiyaye, sannan ta ci na tsakiya, don kada danƙon ya liƙe mata baki. Dafin da ta haɗiya kuma ba ya kashe ta, wani kaso nasa ma yana zama a jikinta har bayan ta yi fiffike. A 2019 masana a jami'ar Kaliforniya suka nuna cewa canji uku a ƙwayar gado su ke ba ɗan'uwansa na Amurka wannan juriya: da suka sanya canjin a jikin ɗan ƙudan ƴaƴan itace, shi ma ya iya cin dafin.

Amfanin launi mai ƙyalli shi ne a tuna da shi. Lincoln Brower, wani masani a Amurka, ya gwada a shekarun 1960: tsuntsun da bai taɓa ganin irin wannan malam-buɗe-littafi ba ya ci ɗaya, ya yi ta amai, daga nan ko kallonsa ba ya son yi. Masu cin fara a ƙasar Hausa sun san darasin tun kafin Brower. Farar tumfafiya, mai ado da launi, ba mai kai ta kasko.

A nan ne ainihin kwaikwayo ke shigowa. Bates ya bayyana a 1862 cewa idan tsuntsaye sun koyi gudun wani launi, to marar dafi da ya yi kama da mai dafi ya samu kariya kyauta. Misalin da ya fi shahara a Afirka na yawo a garaken Adar, shi ne Hypolimnas misippus. Namijin baƙi ne da manyan fararen tabo masu kewayen shuni. Macen kuwa sai an lura sosai a bambanta ta da malam-buɗe-littafin tumfafiya, alhali tsutsarta, baƙa mai ƙayoyi, fasa-ƙaba take ci, ba ta taɓa tumfafiya. Kama da wane ba wane ba ne, amma tsuntsu ba ya son gwadawa.

Wannan ciniki na da sharaɗi, kamar na kuɗin jabu. Takardar jika goma ta jabu tana shiga ne muddin na gaske sun fi yawa a kasuwa. Idan masu kwaikwayo suka yi yawa, tsuntsu zai riƙa dacewa da masu daɗi, ya daina tsoron launin. Fritz Müller, Bajamushe mazaunin Barazil, ya ƙara wani bayani a 1878: masu dafin kansu suna amfana idan suka yi kama da juna, domin darasi ɗaya ya ishi tsuntsu ya guje su duka. Shi ya sa baƙi da ja da ruwan masara ke ta maimaituwa a jikin rina da farar tumfafiya da tsutsarta.

Ko a cikin gida ɗaya akwai masu cin albarkacin wasu. Tsutsar tumfafiya na cin wasu tsirrai na dangin, irin su fataka da majema ke amfani da ita, kuma yawan dafin ya bambanta daga tsiro zuwa tsiro. Wata tsutsar dafinta kaɗan ne ƙwarai, amma rigarta iri ɗaya ce da ta sauran, tsuntsu ba ya iya tantancewa.

Yaudarar tururuwa

Tururuwa ba ta damu da launi ba. Da ƙanshin jiki take gane ƴan gidansu, duk wanda ƙanshinsa ya bambanta abinci ne ko abokin gaba. Akwai dangin ƙananan malam-buɗe-littafi, yawancinsu shuɗɗa, da ba su wuce faɗin farce ba, waɗanda kusan kashi 3 cikin 4 na ire-irensu da aka bincika suna hulɗa da tururuwa. Na kusa su ne Tarucus, masu kewaya magarya. Tsutsarsu ƴar shimfiɗaɗɗiya ce tsanwa, tana kankare ganye ta bar shi shara-shara. A bayanta akwai wata ƴar kafa mai fitar da ruwa mai zaƙi. Tururuwa na lasa, su kuma tsaya gadinta, suna korar masu son saka mata ƙwai.

Wasu sun wuce biyan lada sun kai ga zamba. A Turai, tsutsar Phengaris na cin fure na ƴan makonni, sannan ta faɗo ƙasa. Fatarta na ɗauke da ƙanshi irin na ƴaƴan wata jar tururuwa, sai ma'aikatan tururuwar su ɗauke ta su kai gida. Can take zama watanni, wani irin ana ciyar da shi baki da baki, wani kuma yana cinye ƴaƴan masu gidan. A 2009 masana daga Italiya da Ingila suka gano cewa har sauti take yi irin na sarauniyar tururuwa, abin da ke sa a fifita ta a kan ƴaƴan gida. Afirka na da nata, Lepidochrysops, iri fiye da 100, masu ƙarasa girma a cikin gidan tururuwa.

Irin wannan dogaro na da hatsari. Ɗaya daga cikin Phengaris ya ɓace daga Ingila a 1979, saboda an rage kiwo a tuddan da yake zaune, ciyawa ta yi tsawo, ƙasa ta yi sanyi, tururuwar da yake yaudara ta ƙaura. Sai da aka gane haka aka gyara kiwon, aka kawo iri daga Suwidin a shekarun 1980, sannan ya dawo.

Inda ɓad da kama ke ƙarewa

Duk wanda ya taɓa fasa ɗakin laka na zanzaro a kusurwar ɗaki zai iya tarar da tsutsotsi tsanwa a jere a ciki, da ransu amma ba sa motsi. Zanzaron ya harbe su ne ya tara wa ɗansa abinci. Tsanwar da ta ɓoye su daga tsuntsu ba ta hana shi gano su ba.

Ƙananan danginsa, waɗanda ba su kai ƙwayar shinkafa ba, sun fi shi iya bin sawu. A 1990 Ted Turlings da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa masarar da tsutsa ke ci tana fitar da wani ƙanshi na daban idan yawun tsutsar ya taɓa raunin, kuma wannan ƙanshi ne ƙananan zanzaron ke bi. Ganyen da tsutsar ta saje da shi, shi ne ke kiran mai kashe ta.

Manoman hatsi a Nijar na cin moriyar wannan. Murzuna, wadda wasu ke kira zuzzuɗa, tsutsar faɗa-wuta ce da ta zama babbar annoba a Sahel tun bayan farin farkon shekarun 1970. Tana ɓuya a cikin zangarniya tana yanka hanya a murɗe, inda ido ba ya kaiwa, maganin feshi ma da wuya. Daga 2006 cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, tare da takwarorinta na Mali da Burkina Faso, ta shiga kiwon wani ɗan ƙaramin zanzaro mai suna Habrobracon hebetor, ana sakin sa a ƙauyuka cikin ƴan buhunan garara da ake ratayewa kusa da gonaki. Macen na bin murzuna har cikin zangarniya, ta harbe ta, ta saka ƙwai a jikinta, ƴaƴan su cinye ta. Ba ya harbin mutum ko dabba.

Abin da mai garka zai riƙe

Sanin waɗannan kamanni na rage asara ta fuska biyu. Ta farko, gano ɓarna da wuri. Tsutsar lemu ba ta yi wa babban itace wani lahani mai yawa, amma ƴan kaɗan na iya tsige dashe ko ɗan itacen da aka yi wa aure. Idan sabon tofo na raguwa kuma ana ganin «kashin tsuntsu» iri ɗaya a kan ganye da yawa, a taɓa shi da tsinke. Idan ya fitar da jan harshe, tsutsa ce. Tsincewa da hannu sau biyu a sati ta wadatar a ƙaramar garka. Ga masu saje da ganye kuwa, a duba ƙasan itace: ƴan baƙaƙen ƙwayoyin kashinsu na nuna inda suke a sama.

Ta biyu, rage feshin da ba dalili. Ba kowace tsutsa ce abokiyar gaba ba. Ta tumfafiya ba ta cin amfanin gona, ta magarya ba ta hana itacen ƴaƴa, kuma da yawansu idan sun yi fiffike suna taimaka wa fure ɗaukar barbara. Maganin da ake fesawa barkatai ya fi saurin kashe ƙananan zanzaro, masu yawo a fili, fiye da tsutsar da ke ɓoye cikin zangarniya ko cikin kabeji. Idan masu gadin suka mutu, ɓarnar kan dawo fiye da da. Inda tsincewa ta gagara, ruwan ƴaƴan bedi, wato dogon yaro, da ake fesawa da marece ya fi sauƙi a kansu. Kafin a sayi maganin kanti, a nuna wa malamin gona tsutsar da ganyen da aka same ta a kai.

Ga yara kuma, ƙa'idar tsuntsu ta isa. Tsutsar lemu da mai ƙaho a wutsiya ba su cutarwa, duk da ban tsoronsu. Gizaka mai gashi ba a ɗaukar ta da hannu, domin gashin wasu na sa ƙaiƙayi da kumburi. A wajen kallon tsutsar tumfafiya kuwa, babban hatsarin na ga itacen: farin ruwansa idan ya shiga ido yana iya dusashe gani na kwanaki. Idan haka ta faru a wanke idon da ruwa mai tsabta da yawa, a tafi likita.

Lokacin da ya fi dacewa a ga waɗannan halittu a arewacin Adar shi ne daga watan Agusta zuwa Oktoba, da sassafe kafin rana ta yi zafi. A garaken noman rani, inda lemu ke samun ban ruwa, ana iya samun tsutsarsa har cikin sanyi, duk lokacin da itacen ya yi sabon tofo.